Guzuri da Zango: Tarihin Doguwar Tafiyar Jiragen Yaƙin Ruwan Sin Daga Sanya Zuwa Legas

1.0 Gabatarwa

A ranar 2 ga watan Yuli na shekarar 2023 wasu jiragen ruwan yaƙi guda uku na ƙasar Sin suka iso ruwan Legas, suka yi ziyara ta kwana biyar. Biyu daga cikinsu na faɗa ne, wato Nanning da Sanya. Na ukun kuwa, mai suna Weishanhu, aikinsa shi ne dakon mai da ruwan sha da abinci. Idon mai kallo kan fi sauka a kan masu ɗauke da makamai, amma wanda yake son ya fahimci yadda jiragen suka iya zuwa nan daga wancan ɓangare na duniya, to na ukun ne ya kamata ya duba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin yadda rundunar sojan ruwa ta Sin ta koyi yin doguwar tafiya, musamman da irin jirgin nan da ake kira firiget, wato matsakaicin jirgin yaƙi wanda aka ƙera domin rakiya. Za a yi wannan nazari ne da kalmomin da Hausawa fatake suka bar mana, domin matsalar da jirgin yaƙi ke fuskanta a tsakiyar teku ita ce dai wadda madugu ya sha fama da ita a kan hanyar Gwanja. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, nisan da runduna kan kai yana rataye ne a kan guzurinta da zangonta, kuma zangon da aka ara don kwana ɗaya yakan rikiɗe ya zama mazauni. Daga ƙarshe za a dawo gida Adamawa, domin a nuna cewa ko mutumin Gella, wanda ke zaune a gindin duwatsu nesa da teku, yana da ruwa da tsaki a wannan magana.

2.0 Kalmomin Fatake

A ƙarni na 19 ayarin goro kan tashi daga Kano ko Sakkwato ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja, ya yi watanni a hanya kafin ya isa. Wasu ayarorin kuma sukan gangaro Adamawa neman hauren giwa, su kai har Ngaundare da Banyo da Tibati. Irin wannan tafiya ta haifar da tsari da kalmomi na musamman. Madugu shi ne shugaban ayari. Jagaba shi ke wucewa gaba ya dubo hanya da wurin sauka. Guzuri shi ne abin da matafiyi ya ɗauko daga gida domin ci da sha a hanya. Fito shi ne abin da ake biya a mashigin kogi. Fatoma ko maigida kuwa shi ne mai masauki, wanda ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a gaban hukumar gari.

Kalmar zango ita ce ta fi dacewa da a tsaya a kanta, domin ma'ana biyu gare ta. Zango shi ne wurin da ayari ke yada kaya ya kwana, kuma shi ne tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Daga wannan ma'ana ta biyu ne aka samo zangon karatu na makarantun yau. Ke nan Bahaushe ya haɗa nisa da masauki a kalma guda, saboda ya san cewa ba a auna tafiya sai da wurin da za a sami ruwa. Har ila yau tarihi ya ba kalmar ma'ana ta uku. A Kumasi da Ankara da sauran biranen Gana, zango a yau unguwa ce ta dindindin, mai sarki da masallaci da kasuwa, alhali asalinta filin da fatake ke sauka ne su wuce. Wannan rikiɗa ta ma'ana ita ce mabuɗin abin da zai biyo baya.

3.0 Ayarin Zheng He

Sinawa ba baƙi ba ne a gaɓar Afirka. Tsakanin shekarar 1405 da 1433, a zamanin daular Ming, an tura manyan ayarorin jiragen ruwa har sau bakwai zuwa Tekun Indiya a ƙarƙashin Zheng He, wani bafade Musulmi haifaffen lardin Yunnan. A tafiyar farko kaɗai mutanen da ke cikin ayarin sun haura 27,000. Jiragensa sun kai Mogadishu da Barawa da Malindi, kuma a shekarar 1415 jakadun Malindi suka kai wa Sarki Yongle kyautar raƙumin dawa.

Ciyar da taro irin wannan a kan teku ya buƙaci tsari. A cikin ayarin akwai jiragen da ba su ɗauke da komai sai ruwan sha. Ayari kan jira a gaɓar Fujian har iskar hunturu ta kaɗo daga arewa maso gabas kafin ya tashi, kamar yadda fatake ke jiran ɗaukewar damina. A Malaka kuma, da yardar sarkin garin, suka gina shinge mai rumbuna inda ake ajiye kaya da kuɗi, jiragen da suka warwatsu zuwa ƙasashe daban-daban su taru a nan su jira iskar komawa gida. Wato Malaka ita ce zangonsu, sarkinta kuma fatomansu.

Bayan shekarar 1433 tafiye-tafiyen suka tsaya. Kuɗin da suke ci ya yi yawa, an mayar da fadar mulki Beijin tun 1421, hankalin masu mulki kuma ya koma kan barazanar Mongol ta kan tudu. Ba wata runduna ce ta ci su a teku ba. Baitulmali ne ya janye hannunsa. Da guzuri ya yanke, ayari ya mutu, sanin hanya ma ya bi shi.

4.0 Sake Koyon Tafiya, 1949 zuwa 2008

Rundunar sojan ruwan Sin ta yau an kafa ta ne a watan Afrilu na 1949, kuma ta shafe kusan shekara talatin tana gadin bakin gaɓa da ƙananan jirage. Fitarta ta farko mai nisa ta zo ne a watan Mayu na 1980, lokacin da jirage 18 suka tafi kudancin Tekun Fasifik domin sa ido a kan gwajin wani makami mai linzami. Abin da ya sa wannan tafiya ta yiwu shi ne sababbin jiragen dakon mai da aka gama ƙerawa gab da lokacin.

Daga nan aka riƙa ƙara tsawon zango sannu a hankali. A ƙarshen 1985 jirgin yaƙi Hefei da jirgin guzuri guda suka ziyarci Pakistan da Siri Lanka da Bangaladash, wadda ita ce ziyararsu ta farko zuwa tashoshin ƙasashen waje. A shekarar 2000 jirgin Shenzhen da abokin tafiyarsa Nancang suka kai Tanzaniya da Afirka ta Kudu. A 2002 kuma Qingdao da Taicang suka kewaya duniya cikin kimanin wata huɗu. Abin lura a nan shi ne, a kowace tafiya jirgin faɗa ɗaya ne da jirgin guzuri ɗaya. Sa'annan duk ziyarori ne na sada zumunci, a je a gaisa a dawo. Zama a wuri mai nisa ana aiki wata da watanni wani abu ne daban, kuma ba a gwada shi ba sai a ƙarshen 2008.

5.0 Mashigin Aden: Firiget da Jirgin Guzuri

A shekarar 2008 fashin teku ya tsananta a gaɓar Somaliya, har Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba ƙasashe izinin bin 'yan fashin cikin ruwan ƙasar. A ranar 26 ga Disamba na wannan shekara jirage uku suka tashi daga Sanya a tsibirin Hainan: Wuhan da Haikou, da kuma Weishanhu, wato jirgin guzurin nan da ya zo Legas shekara goma sha huɗu da rabi bayan haka. Tazarar da suka yi ta haura mil 4,000 na teku. Aikinsu shi ne tara jiragen 'yan kasuwa su jera su, su raka su daga wannan baki na mashigin zuwa wancan. A Hausance dai, ayari ne da 'yan rakiya.

Wannan rukuni na farko ya sha wuya. Jiragen faɗan biyu sun yi kwana 124 ba su shiga tasha ba. Weishanhu ne kaɗai ke zuwa Aden ya sayo kaya ya kawo musu. Yadda ake miƙa kayan kuwa shi ne, jirage biyu su jera kafaɗa da kafaɗa suna tafiya, a harba igiya daga wannan zuwa wancan, a ja wayar ƙarfe a ɗaure ta tamau, sa'annan a zura tiyon mai da ƙunshin kaya ta kanta. Mai da shinkafa da harsashi ana iya miƙa su haka. Amma ganye da 'ya'yan itatuwa ba su jure makonni da yawa, injin da ya lalace yana bukatar kayan gyara da makaniki, mutum kuma yana bukatar ya taka ƙasa. Saboda haka tun daga tsakiyar 2009 aka fara barin jiragen suna shiga tashar Salala ta Oman domin hutu, daga baya aka ƙara da Jibuti da Jidda.

A rukuni na biyu, cikin Afrilu 2009, aka fara tura firiget, mai suna Huangshan, daga nan kuma irin wannan jirgi ya zama ƙashin bayan aikin. Samfurin da ake kira 054A, wanda na farkonsa ya shiga aiki a 2008, tsawonsa mita 134 ne, nauyinsa kimanin tan 4,000, yana ɗauke da jirgi mai saukar ungulu guda. Injinan dizal huɗu ke tura shi. Dizal ba shi da saurin injin da manyan jiragen yaƙi ke amfani da shi, amma ya fi shi tattalin mai, ga shi kuma jirgin bai kai su yawan ma'aikata ba. Wanda zai raka jirgin ɗan kasuwa mai tafiyar hawainiya ba gudu yake bukata ba, juriya yake bukata. Fatake ma sun fi dogara ga jaki a kan doki, domin jaki ya fi ƙarancin ci da haƙurin hanya.

Inda gizo ke saƙar shi ne jiragen guzuri. A farkon aikin sababbi biyu kawai rundunar ke da su, Weishanhu da Qiandaohu. Dole kowannensu ya zauna ya yi wa rukuni biyu hidima a jere, jiragen faɗa su koma gida shi yana nan. Wannan ƙarancin ne ya sa aka ƙera ƙarin irinsu, waɗanda suka fara shiga aiki a 2013 da Taihu da Chaohu.

6.0 Daga Zangon Aro Zuwa Mazauni

Da jiragen suka saba da zama a yankin, sai aka fara ɗora musu wasu ayyuka. A farkon 2011 firiget Xuzhou ya ratsa mashigin Suwez ya shiga Bahar Rum domin ba da kariya ga kwashe Sinawa fiye da 35,000 daga Libiya. A farkon 2014 Yancheng ya shiga rakiyar jiragen da suka fitar da makamai masu guba daga Siriya. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2015 kuma Linyi da Weifang da Weishanhu suka kwashe Sinawa fiye da 600 da 'yan wasu ƙasashe fiye da 200 daga Yaman, aka sauke akasarinsu a Jibuti.

Abin da ya faru a Yaman ya koyar da darasi. Aden, tashar da aka fara sayen guzuri a cikinta a 2009, ita ce ta zama fagen yaƙi a 2015. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙasar da ta daɗe tana alfahari da cewa ba ta da sansanin soja a ƙasar kowa, sai ga shi ta shiga tattaunawa da gwamnatin Jibuti, aka fara gini a 2016, aka buɗe wurin a ranar 1 ga Agusta 2017, kusa da tashar Dorale. Hukumomin Beijin sun kira shi cibiyar tallafi da samar da kayan bukata, wato gidan guzuri. A ƙasar kuwa tuni akwai sansanonin Faransa da Amurka da Japan da Italiya.

Idan aka lura da jerin matakan za a ga sun yi daidai da tarihin kalmar zango: da fari ana wucewa ba a sauka, sai a fara sauka a gidan fatoma, sai a yawaita sauka, daga ƙarshe a nemi fili a yi gini. Tsakanin tashin rukuni na farko daga Sanya da buɗe sansanin Jibuti shekara takwas ne da 'yan watanni. Fashin tekun Somaliya, wanda shi ne dalilin zuwan, ya riga ya ragu ƙwarai tun daga 2012, amma hakan bai sa an naɗe kaya ba.

7.0 Legas da Mashigin Tekun Gini

Ya zama al'ada idan rukuni ya gama wa'adinsa a Aden ya biya wasu ƙasashe kafin ya koma gida. Ta haka ne a watan Mayu na 2014 Yancheng da Luoyang da Taihu suka zo Legas, cikin wani zagaye na ƙasashen Afirka takwas da ya faro daga Tunisiya ya ƙare a Afirka ta Kudu. Yancheng ya sake dawowa a 2018 ya shiga atisaye da sojan ruwan Nijeriya. Rukunin 2023 kuwa, kafin ya iso nan, Nanning da Weishanhu sun kwashe mutane daga Fot Sudan zuwa Jidda a watan Afrilu, sa'annan aka zagayo ta Kwaddibuwa da Gana, daga Legas kuma aka wuce Gabon da Kwango.

Dangantakar ba ta tsaya ga ziyara ba. Nijeriya ta sayi jiragen sintiri biyu ƙirar Sin, NNS Centenary wanda ya iso a Fabrairu 2015, da NNS Unity wanda ya iso a Nuwamba 2016. Wanda ya sayi jirgi kuwa ya ƙulla hulɗa ta shekaru da wanda ya ƙera shi, saboda kayan gyara da horon ma'aikata. Bugu da ƙari, tashar Lekki mai zurfi da aka buɗe a Janairu 2023 kamfanin China Harbour Engineering ne ya gina ta, kuma yana da hannun jari a cikinta. A shekarar 2021 babban kwamandan sojan Amurka mai kula da Afirka, Janar Stephen Townsend, ya bayyana fargabar cewa Sin na neman tashar soja a gaɓar Atilantika, aka riƙa ambaton garin Bata na Ikwatoriyal Gini. Wannan zargi ne na abokin hamayya, kuma dole a karɓe shi a matsayin haka. Abin da tarihi ya tabbatar kawai shi ne, daga Jibuti zuwa Legas zango ne mai tsawo, ko ta Bahar Rum aka bi ko ta kudancin Afirka, kuma duk rundunar da ke son daɗewa a wannan gaɓa sai ta sami mai masauki.

8.0 Igwar Garwa: Darasi Daga Adamawa

Mai karatu a Arewa yana iya cewa wannan magana ce ta mutanen bakin teku. Tarihin Gella, hedkwatar ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, ya nuna akasin haka. Jamusawa sun kama Mubi a 1903, yankin ya shiga cikin Kamaru ta Jamus, wadda babbar cibiyar sojanta a arewa ita ce Garwa a bakin Binuwai. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, wata runduna ta tashi daga Yola ta auka wa Garwa a ƙarshen Agusta 1914, aka kore ta da mummunar asara, kwamandanta Laftanar Kanar Maclear ma ya mutu a wurin. Ƙananan igogin da sojan Nijeriya ke ɗauka ba su iya fasa ganuwar Jamusawa ba.

Maganin da aka samo daga teku ya fito. Aka sauke wata igwa daga jirgin yaƙin Ingila mai suna Challenger, aka bi da ita ta Kwara zuwa Lakwaja, aka hauro Binuwai a lokacin rani da ruwa ya janye, inda ruwa ya gaza kuma sai ƙarfin 'yan dako. Faransawa su ma suka kawo tasu babbar igwar. A ranar 31 ga Mayu 1915 sojojin Kanar Cunliffe suka fara ɓarin wuta, ran 10 ga Yuni Garwa ta miƙa wuya. Ngaundare ta bi baya a ƙarshen watan, Mora kuma ta yi ta jurewa a kan dutse har Fabrairu 1916.

Faɗuwar Garwa ita ce ta karya ikon Jamus a arewacin Kamaru. Abin da ya biyo baya shi ne rabon ƙasar tsakanin Ingila da Faransa, da sa yankin Mubi ƙarƙashin riƙon amanar Ingila a 1922, da ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairu 1961, wadda ta sa yankin ya shigo Nijeriya a ranar 1 ga Yuni 1961 da sunan Lardin Sardauna. Ba za a ce igwa ɗaya ce ta yanke duk wannan ba. Sai dai tana cikin sanadin da ya sa yaron Gella ke karatu da Ingilishi a yau, ɗan'uwansa na tsallaken iyaka kuma da Faransanci. Ita igwar kuwa ba ta kai kanta Garwa ba: masu tuƙin kwalekwale da 'yan dako na ƙasar nan ne suka kai ta, ba tare da an tambaye su ra'ayinsu a kan abin da za ta haifar ba.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an bi sawun jiragen Sin daga rumbunan Malaka na ƙarni na 15 zuwa sansanin Jibuti na 2017 da ziyarar Legas ta 2023. An ga cewa ayarin Zheng He ya mutu ne da yankewar guzuri, rundunar yau kuma ta girma ne gwargwadon yawan jiragen guzurinta da tashoshin da suka buɗe mata ƙofa. An kuma ga cewa ƙarfin teku yana iya haurowa kogi ya canza makomar mutanen kan dutse.

Abubuwa biyu ne suka fito daga wannan. Na farko ya shafi masu mulki. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma tarihin zangon Kumasi da na Jibuti ya nuna raɓar kan zama tafki. Fatoman kirki yakan san nauyin kayan da aka ajiye a gidansa, da ranar da za a kwashe su, da abin da zai samu. Haka ya kamata ƙasar da ke ba jirgin yaƙi ruwa da mai ta sani, ko daga Sin ya fito ko daga Amurka ko Faransa, kuma ta sanar da jama'arta. Na biyu ya shafe mu, masu nazarin harshe. Jama'a ba za su iya tofa albarkacin bakinsu a kan abin da ba a faɗa musu da harshensu ba. Kafin kwamitocin ƙirƙiro kalmomi su garzaya aro, yana da kyau su fara buɗe taskar fatake, domin ayari da rakiya da guzuri da zango da fito da fatoma sun isa a bayyana wa manomi a Gella abin da ya kawo Weishanhu Legas, ya kuma gane tambayar da ya kamata ya yi wa wakilinsa a majalisa.